Tafintan Jirgin Kaka

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani gidan kallo mai rufin kwano, ƙofarsa buhu ne da aka farke aka rataya. Mai gidan kallon ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Tafinta ake ce masa, tun gashinsa na baƙi har ya yi fari fat. Matarsa ma, ranar da ta tashi da walwala, haka take kiransa.

Turancinsa na bakin aiki ne. Yana saurayi ya yi wa wasu Turawa masu shimfiɗa titi wanki da guga, a nan ya tsinci abin da ya tsinta: umarni, zagi, da ɗan abin da ba a rasa ba. Da titin ya ƙare suka naɗe kayansu, suka bar masa tsohuwar talabijin da na'urar kaset. Da su ya buɗe gidan kallon. Da farko tsayawa yake yi a gefen talabijin yana fassara da baki. Daga baya ya ware wani lungu a baya, ya manne bangonsa da kwalayen ƙwai saboda ƙarar motocin tasha, ya sayi makirfo. A nan yake ɗora muryarsa a kan fim. Babban yatsansa na kan maɓallin sauti, ya danne muryar Bature ya sa tasa, ya saki in jirgi zai tashi ko wani abu zai fashe. Muryar maza tasa ce, ta mata tasa ce, ta mutum-mutumin ƙarfe ma tasa ce, sai dai yakan toshe hanci.

Doka ɗaya yake bi a wannan sana'a: ba a barin shiru. Tun da wuri ya lura cewa mutanen da suka wuni a rana, suka zo suka matsu a benci ɗaya, in aka bar su jugum na ɗan lokaci sai wani ya tuna an taka masa ƙafa. Masu yin fim kuwa suna son shiru. Sai a nuna mutum yana kallon taga, a bar shi yana ta kallo. A irin wannan wuri Tafinta ke shiga ya faɗa wa jama'a abin da ke ran mutumin. Bai taɓa ɗaukar haka ƙarya ba. Aiki ne, kamar yadda magini ke cike tsakanin bulo da bulo.

Fina-finai da yawa sun ratsa ta bakinsa, amma wanda ya zauna a unguwar shi ne wanda ya laƙaba wa suna Jirgin Kaka, don sunan da masu shi suka ba shi ba ya shiga baki. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta ƙone, suka duru cikin wani ƙaton jirgi suna yawo tsakanin taurari, suna neman wurin sauka. Direbar jirgin wata tsohuwa ce siririya mai furfura, ba ta dariya. Kusa da kujerarta akwai wata kujera da ba a zama a kai. Duk lokacin da za ta tada jirgi sai ta ɗora tafin hannunta a kan wannan kujera, ta daɗe, ba ta cewa uffan.

A kashi na farko shirun ya yi tsawo. Tafinta na cikin lungunsa gumi na bin bayansa, ya ga tsohuwa ta ɗora hannu ta ƙi ɗagawa, sai bakinsa ya buɗe da kansa. Ya ce kujerar ɗanta ce. Ya ce ranar da aka yi gudun hijira sun rabu cikin turmutsutsu, wani jirgin ya ɗauke shi, kuma duk yawon nan da Kaka ke yi da jama'a, can cikin ranta shi take nema. Ya gama, ya kurɓi ruwa, ya wuce gaba. Bai sake tuna maganar ba sai da ya ga manyan maza a benci suna goge ido da bakin riga.

Kashi na biyu ya zo, na uku ya biyo baya, tsohuwa ba ta daina dafa kujera ba, shi ma bai daina ƙari ba. Ya yi wa yaron tabo a goshi. Ya sa an gan shi a wata duniya mai ƙanƙara. Mutane kan tare shi a hanya su ce, “Tafinta, wai yaushe za ta same shi?” Ya ce, “Saura kaɗan.” Har maganar ta shiga bakin unguwa, makaniki ya faɗa wa mai mota, mai ciki ta faɗa wa surukarta.

A shekarun nan ɗansu na fari yana gida, shi ke jera benci in ya dawo makaranta. Ya girma, ya gama makarantar, ya zaga garin da takardunsa har suka yi laushi, bai sami inda za a ce masa zauna ba. Wata rana ya bi wasu abokansa zuwa ƙasar waje. Ya riƙa kira daga gari zuwa gari. Kiran ƙarshe daga bakin teku ya yi shi, ya ce gobe za su hau kwalekwale, in sun sauka zai kira.

Matar Tafinta tela ce, kekenta na bakin taga a ɗakin gaba. Ba ta taɓa taka gidan kallon ba, takan ce hayaniyar maza da warin takalmi sun ishe ta daga nesa. Bayan kiran nan na bakin teku ta daina ambaton yaron. Mijin ma ya daina. Gida ya zama ana maganar gishiri da wutar lantarki da ciwon gwiwa. Sai wani yammaci, shekara ta zagayo, ta ce masa ba tare da ta ɗago daga ɗinki ba, “Fim ɗin tsohuwar nan da ake faɗa, ka kawo mini in gani.”

Ya kawo. Ta kalli kashi-kashin da ke akwai, ta sake kallo. Tun daga nan, duk lokacin da sabo ya fito, kafin ya ajiye takalmi za ta ce, “Ta same shi?” Ya ce, “Saura kaɗan. An ga sawunsa.” Ta gyaɗa kai ta ci gaba da taka keke. Wani lokacin ba ma sai sabo ya fito ba. Suna zaune haka kawai za ta ce, “Ni ina ga yaron nan na Kaka aure ya yi a can, matar ce ta riƙe shi.” Shi kuma ya ce, “Ba mamaki. Ko kuma wurin da yake babu hanyar aika saƙo.” Su daɗe suna juya maganar. Mace ce mai hankali, ta san talabijin, ta san ƙarya. Amma ta wannan ƙofar kaɗai su biyun ke iya shiga maganar ɗansu.

Autarsu ta yi aure a wani gari mai nisa. Ta ga idon uwar ya fara hazo, ta ga gidan kallon uban ba ya cika sai ranar ƙwallo, kowa ya koma kallo a tafin hannunsa. Duk kiran da za ta yi sai ta ce akwai ɗaki a gidansu, mijinta ma ya yi magana, su tattara su taho. Amsar uwar ba ta canjawa. “Ku dai kuna da hankali. In mutum ya dawo, wace ƙofa ya sani in ba wannan ba?”

Labarin sabon fim ɗin ya fito ne daga shagon da ke fuskantar gidan kallon, inda wani matashi ke gyaran waya. Injiniya ake ce masa. Shi ma a bencin Tafinta ya girma, amma ya yi karatu, yanzu da Turancinsu yake kallon fina-finai. Wata la'asar ya tsallako titi ya iske Tafinta a inuwa tare da Dogo, wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi, wanda ya haddace Jirgin Kaka kamar da shi aka yi tafiyar.

“Baba, mutanenka sun sake fitowa,” in ji Injiniya. “Amma wannan karon baya suka koma. Ƙuruciyar Kaka aka nuna, yadda aka fara tafiyar.”

Dogo ya gyara zama. “Ashe za mu ga yaron.”

“Wane yaro, Kawu?”

“Ji wata tambaya. Ɗan Kaka mana, mai tabo a goshi.”

Injiniya ya saci kallon Tafinta ya sosa ƙeya. “To, ni dai na kalla. Duniya ma ta rikice a kansa. Wasu na cewa kamfanin fim ɗin ya kashe musu ƙuruciya. Wasu na zagin yarinyar da ta fito a matsayin Kaka, wai hancinta ba irin na tsohuwar ba ne. Na ga wani ma ya ɗauki kansa a waya yana ƙona rigarsa mai hoton jirgin.”

“Rigar tasa ce?”

“Tasa ce.”

“To ya haɗa da wandon. Ni yaron nake tambayarka.”

“Kawu Dogo, babu yaro.”

“Sun ɓoye shi sai kashi na gaba ke nan.”

“Babu shi kwata-kwata. Ba ta taɓa haihuwa ba.”

Dogo ya yi dariya har da tari. “Turawan nan ba su san labarin ba. Sababbin ma'aikata aka ɗauka, tsofaffin sun mutu. Tafinta, kana ji? Da sun aiko an tambaye ka.”

Tafinta ya yi murmushi, ya ce wa Injiniya ya zuba masa fim ɗin a memori, ɗan katin nan na waya.

Washegari da hantsi ya shiga lungunsa ya ja ƙofa. Bai buƙaci Turanci mai yawa ba, hoton ya ishe shi. Ga Kaka budurwa, gashinta baƙi, har dariya take yi. Ga kujerar, kuma akwai mutum a kai, wani mai gemu da ya girme ta, shi ne shugaban jirgin, shi ya koya mata tuƙi. Suka tashi da jama'a, iskar shaƙa ta fara ƙarewa. Mai gemu ya ce a juya a koma, ita ta ce komawa mutuwa ce. Suka yi ta ja. Wata rana ya shiga wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu don ya yi gyara, ta ja ƙofar ciki ta kulle, ta tsaya suna kallon juna ta gilashi, sannan ta buɗe ta waje. Aka nuna shi yana juyi cikin duhu, yana ƙanƙancewa, har ya zama ɗigo. Ta dawo ta zauna, ta ɗora hannu a kujerarsa, ta tada jirgi.

Fim ɗin ya ƙare, sunaye suka hau suka wuce, Tafinta na zaune. Ya yi tunanin ya ce bai samu ba. Amma da ya koma gida cin abinci sai ya tarar masu kawo ɗinki sun riga shi.

“An ce an yi sabo,” in ji matarsa. Tana laluben kafar allura da zare, ta kai ta kusa da ido ta janye. “An ce tun daga farko aka ɗauko. Ke nan za a nuna fuskarsa.”

“Ban gama dubawa ba.”

“In ka gama ka kawo. Ina so in ga ko ita ya biyo.”

Ya karɓi allurar ya zura mata zaren, shi ma sai da ya yi sau uku.

Kwanaki ya yi a lungun nan, yana fitowa salla da cin abinci kawai. Akwai tsohuwar kwamfuta da mijin Auta ya ba shi, ya iya yanka da haɗi a kanta daidai gwargwado. Ya bi fim ɗin a hankali yana neman abin kamawa, har ya samu. A wurin turmutsutsun shiga jirgi, wata mata ta miƙo jariri ta saman kawunan mutane, Kaka ta karɓa ta miƙa wa na gaba. Ƙiftawar ido ne, amma an ga fuskar jaririn, har ya ɗaga hannu. Tafinta ya ciro wurin ya rage masa sauri. Ya sa shi a farko, ya sa a tsakiya, ya sa a ƙarshe. Ya mai da mai gemu yayan Kaka. Ya datse ɗakin mai ƙofa biyu gaba ɗaya, ya ce mai gemu ya sauka a wata duniya ne don ya bi sawun yaron. Inda bakin 'yan wasa ke faɗin wani abu dabam, ya danne su da babban yatsa ya yi magana a kansu. A duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, shi ma ya san haka.

A waje kuwa unguwa ta rabu biyu. Matasa sun kalla a waya, suna tura wa juna guntayen bidiyo. Dattawan da suka ƙi kallo suna jiran na Tafinta, suna cewa na waya jabu ne. A wurin mai aski an yi musu har aka bar wani da rabin kai. A cikin matasan ma ba baki ɗaya ba ne. Wasu na cewa ashe tun suna yara ake yi musu tatsuniya a benci. Wasu na cewa ko ma mene ne, na Baba ya fi daɗi, kamfanin ne ya lalata abu mai kyau don neman ciniki. In Tafinta ya wuce sai a ji wani daga baya ya ce, “Baba, saura kaɗan?” a bushe da dariya. Ba ya waiwayowa.

Injiniya ya leƙo lungun wata rana, ya tsaya yana kallon jaririn da ke ɗaga hannu a hankali.

“Baba, da ka bar shi kawai. Ka ce bai zo hannunka ba. Nan da wata ɗaya an manta.”

“An riga an ji a gida.”

Injiniya ya juya ya koma shagonsa.

Ranar da aka nuna shi gidan kallon ya cika har bakin buhu, abin da aka daɗe ba a gani ba. Dogo na benci na gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Matasa suka jeru a baya, sun yi tsit irin na masu jiran abu. Da jaririn ya bayyana Dogo ya juya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. “Ga wanda kuka ce babu,” ya ce. “Ku dubi goshin.” Wani ya ce, “Kawu, ai ba tabo.” Ya ce, “Jariri ne, bai faɗi ba tukuna.”

Aka yi nisa lafiya. Sai aka zo inda mai gemu ya ɗauki kayan gyara ya nufi ƙofa, hoto ya yi tsalle, sai ga Kaka zaune ita kaɗai. Daga baya wata murya ta ce, “An tsallake.” Wata ta ce, “Baba, wuta ce ta ɗauke a sama?” Dariya ta tashi. Sannan wayoyi suka fara ɗaguwa cikin duhun ɗakin, ɗaya, biyu, da yawa, kowace da mutum mai gemu yana juyi cikin baƙin sarari.

Dogo ya miƙe ya kama kwalar wanda ya fi kusa. Saurayin bai yi kokawa ba, wayar kawai ya kai masa gaban fuska. Dogo ya kalla. Ya ga kulle ƙofa, ya ga gilashi, ya ga hannun da ya danna. A hankali ya saki kwalar. Ɗakin ya yi shiru, ba a jin komai sai muryar Tafinta daga lasifika, ya siranta ta kamar ta mace, yana cewa, “Ɗana, ka yi haƙuri, ina nan tafe.”

“Tafinta,” in ji Dogo, bai ɗaga murya ba. “Wannan fa?”

Tafinta na tsaye a gefen talabijin, inda ya saba tsayawa tun yana saurayi. “Haka ya zo mini,” ya ce.

Dogo ya dube shi ya daɗe. “Uhm,” ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya ɗaga buhun ya fita. Bayan ranar, in zai je tasha ta ɗaya gefen titin yake bi.

Duk da haka da yamma Tafinta ya kai fim ɗin gida. Matarsa ta jawo kujera har gaban talabijin saboda idonta, kusan hancinta na taɓa gilashin. Shi ya zauna a baya yana kallon ƙeyarta. Da jaririn ya fito karon farko ta ɗan matsa gaba, ta ɗaga yatsa kamar za ta taɓa, ta fasa. Karo na biyu ba ta motsa ba. Na uku ta jingina da baya.

Da aka gama ta ce, “Yaron nan hannu ɗaya yake ɗagawa, iri ɗaya, sau uku.”

“Haka suke yi. Tuna baya ne.”

“Inda mai gemun nan ya nufi ƙofa kuma, an yi maho.”

“Wane irin maho kuma a fim?”

“Tun kafin in aure ka nake ɗinki. Ko ido rufe, in na shafa na san inda aka yanke aka haɗa. Ina ƙyallen da aka cire?”

“Babu wani ƙyalle.”

Ba ta ja maganar ba. Ta tashi ta rufe kekenta da zane, ta shiga ciki.

Da safe yana share gidan kallon, ya hango ta ta gefen buhu. Ta yi lulluɓi ta tsallaka titi a hankali, tana ɗaga wa masu babur hannu, ta shiga shagon Injiniya. Ya ga matashin ya miƙe da sauri ya ba ta kujerar masu jira. Ya ga yana girgiza kai, tana magana, yana girgiza kai, har ya daina. Ya ga ta riƙe waya da hannu biyu daf da fuskarta, Injiniya ya sunkuya kusa da kunnenta, bakinsa na motsi, idonsa na ƙasa. Titin ba shi da faɗi. Tafinta ya tsaya da tsintsiya a hannu har rana ta iso ƙafarsa.

Bayan ta tafi Injiniya ya tsallako. Bai zauna ba.

“Baba, wallahi na ƙi. Ta ce in na rage kalma ɗaya ba ta yafe mini ba.”

“Ta kalla har ƙarshe?”

“Wurin ƙofar sau biyu ta sa na mayar.”

“Me ta ce?”

“Tambaya ɗaya ta yi. Wai mutumin ya daɗe kafin ya cika? Na ce ban sani ba, ba a nuna ba. Sai ta ce haka ne, ba a nunawa.”

Tafinta ya gyaɗa kai. Ya ce masa ya koma, ga wani can na jiransa a shago.

Ya yi ta jan ƙafa kafin ya koma gida, ya shirya wa faɗa, ya tanadi amsoshi. Bai tarar da faɗa ba. Ta kawo masa abinci da ruwa, ta zauna nesa kaɗan tana warware wani tsohon ɗinki. Sai da ya ci rabi ta ce, “Ka sha wahala a kan jaririn nan. Aikin ya yi kyau.”

Ya ajiye cokali. “Fim ne fa kawai. Su ma can faɗa ake ta yi da su a kai, kowa na cewa sun ɓata labarin. Ba mamaki su gyara a na gaba.”

“Na san fim ne, Tafinta.”

“To ai shi ne.”

“Kira mini Auta.”

Ya kira, ya miƙa mata. Suka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi maigidan. Sannan ta ce, “Ɗakin nan da kike faɗa, yana da taga? Saboda keke.” Daga inda yake zaune yana jin muryar Auta ta tashi da murna, tana jero tambayoyi, tana kiran mijinta ya zo ya ji. Uwar ta riƙe wayar nesa da kunne har aka lafa, ta ce, “Ƙarshen wata ya yi.”

Bai yi gardama ba. Ya gwada sau ɗaya, bayan kwana biyu, ya ce ya ji ana cewa akwai matafiyan da ake tsarewa a ƙasar waje shekara da shekaru ba waya, sannan a sake su. Ta ce, “Allah ya sa,” kamar yadda ake amsa wa baƙo, ta ci gaba da naɗe kwanuka cikin tsofaffin zannuwa.

Bencin gidan kallon wani mai nuna ƙwallo ya kwashe. Makirfo ɗin Injiniya ya karɓa ya ce zai ajiye masa, ko da yake dukansu sun san ba za a zo karɓa ba. Kwalayen ƙwan da ya ɓamɓare daga bango sun bar tabo layi-layi, kyankyasai suka watse. Wasu matasa suka zo taya shi ɗaukar kaya, har da wanda Dogo ya kama wa kwala. Shi ne ma ya ce, “Baba, wallahi ni har yanzu in na kalli na Turancin, muryarka nake ji.” Tafinta ya ce masa ya kula da talabijin ɗin, gindinta ya tsage. Dogo bai zo ba.

Ranar tafiya motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Aka ɗaure keken ɗinki da igiya a tsakanin katifu. Matarsa ta fito ta gaisa da maƙwabta, ta nemi gafararsu, aka kama ta ta hau gaba kusa da direba. Ba ta dubi ƙofar ba.

Wanda zai kama gidan ya riga ya iso, wani baƙo mai sayar da tayoyi, yana auna taga da igiyar awo. Tafinta ya riga ya sa ƙafa ɗaya a kan matakin mota, sai ya sauke, ya koma wurinsa.

“Malam, don Allah, wata 'yar magana. In wani ya zo nan yana tambayarmu. Mai tsayi ne haka, ba can ba, yana ɗan karkata kafaɗa in yana tafiya. Yanzu wataƙila ya yi gemu. Ka ce masa mun koma wurin ƙanwarsa. In ya sauka a babbar tasha ya ɗauki hanyar asibiti, ya wuce gidan mai, akwai wani kwana da ake gyaran firij...”

“To, to,” in ji mai tayoyi. Ya danne igiyar da yatsa a jikin katako, yana motsa baki yana riƙe lambar a kansa.

“Daga kwanan sai ya yi hagu. Ba hagun farko ba, na biyu. Gida ne mai koren ƙofa. In ya rasa, ya tambayi...”

Direba ya danna oda. Mai tayoyi ya ce, “Ba damuwa, Baba, Allah ya kiyaye hanya,” ya juya ya kama auna ɗaya tagar.